Wai akwai farin asiri da baƙin asiri?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya, don Allah masu ilimi su taimaka. Ƙanwata tana aure a nan cikin garin Bauchi, tun da mijinta ya ƙara aure ya juya mata baya, ko gaisuwarta da ƙyar yake amsawa. Gwaggonmu ta dage sai an kai ta wajen wani malami a hanyar Dass. Da na nuna tsoro sai ta ce shi wannan farin aiki kawai yake yi: yana karya sammu, yana kafe gida, yana daidaita miji da mata, amma ko nawa za ka ba shi ba zai yi farraƙu ba, ba zai haukata ɗan kowa ba. Ta ce asiri iri biyu ne, na gyara da na ɓatawa, kuma Allah niyya yake dubawa. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma na rasa amsar da zan ba ta. Shin akwai sihirin da yake halatta don an yi shi da nufin alheri? In akwai iyaka, a ina take?

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Anti, don Allah kada ku je. Sihiri ba shi da fari ba shi da baƙi. Ki duba aya ta 102 a Suratul Baƙara, inda Allah ya wanke Annabi Sulaiman daga sihirin da aka jingina masa, ya ambaci Haruta da Maruta a Babila. Ayar ta ce masu koyonsa suna koyon abin da yake cutar da su ne, ba ya amfanar da su. Ba ta ware wani kaso ta ce wannan mai amfani ne ba. A hadisin manyan zunubai 7 masu halakarwa kuma, daga shirka sai sihiri, ya riga kisan kai zuwa a jerin.

Shi kansa abin da gwaggo take kira daidaita miji da mata, an yi maganarsa tun zamanin sahabbai. Abdullahi ɗan Mas'ud ya ruwaito hadisin da ya sanya tiwala cikin shirka, kuma da aka tambaye shi mece ce tiwala ya ce abin da mata suke haɗawa ne don mazajensu su so su. Mallaka ke nan. Sannan Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta kwana 40 ba. Tambaya kawai, ba a kai ga aikin ba.

Alaramma na Bakaro:
Ustazu, abin da ka kawo gaskiya ne, babu mai jayayya da aya. Inda nake tsoro shi ne a tattara kowa a zuba a buhu ɗaya, don a garin nan an daɗe ana kiran duk mai allo da tawada ɗan tsubbu.

Ni a tsangaya na tashi. Da asuba za a turo yaro, a ce naƙuda ta yi tsawo, ko jariri ya kwana yana firgita. Malam zai yi alwala, ya fiƙe alƙalami, ya tsoma a tawadar da aka dama da ƙaro, ya rubuta Fatiha da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a allo, layi bayan layi, duk almajirin da ke wurin yana iya karantawa. A wanke a ƙwarya, a tace, a kai gida. Kafin alƙalamin bai wuce kwanon gero ba, wani lokacin ma Allah ya saka da alheri ne kawai. Bai tambayi sunan uwar kowa ba, bai ce wance ce ta yi ba. Wannan sihiri ne?

Awfu ɗan Malik ya ce sun kasance suna tofi a jahiliyya, suka tambayi Manzon Allah (SAW), ya ce su kawo masa tofin nasu ya ji, babu laifi matuƙar babu shirka a ciki. Bai ce a watsar da komai ba, tantancewa ya yi. Ga kuma sahabin da ya yi wa shugaban wata ƙabila tofi da Fatiha bayan harbin kunama, aka ba su tumaki, Annabi bai hana ba. Mu da muka karanta Risala ta Ibn Abi Zaid, a can ƙarshenta an ce babu laifi a yi ruƙiyya da Littafin Allah da kyakkyawar magana, babu laifi a rataya laya mai ɗauke da Alƙur'ani. A kan wannan iyayenmu suka rayu.

Saboda haka, Maman Hanifa, iyaka tana nan, amma ba inda gwaggonku ta sa ta ba. Ita ta sa ta a niyya. Malamai sun sa ta a hanyar da aka bi da wanda aka roƙa. Ibn Hajar ya kawo sharuɗɗan da aka haɗu a kansu: ya zama da maganar Allah ko sunayensa, da lafazin da ake gane ma'anarsa, kuma a ƙudurce cewa Allah ne mai warkarwa ba tofin ba. Da zarar kin ji an ce kawo baƙin bunsuru ko jan zakara a yanka ba bisimilla, kawo gashin kansa, kawo ƙasar sawunsa, je ki binne a mararraba ko tsohuwar rijiya, to ba Allah ake roƙo ba, ko da mai yin yana sanye da rawani.

Abu Sumayya:
Allah gafarta Malam, ruƙiyya ban musa ba, ni ma ina yi wa iyalina. Rubutun sha da layar Alƙur'ani akwai saɓani tun magabata, wasu sun yarda wasu sun hana, ni ina tare da masu hanawa saboda toshe ƙofa. Dalilina kuwa abin da idona ya gani ne.

An taɓa kawo min wata laya daga wuyan yaro, mahaifiyarsa ta rantse ayatul kursiyyu ce aka ce mata an rubuta. Muka farke fatar da reza. A ciki akwai takarda an naɗe ta da baƙin zare, an yi masa ƙulli-ƙulli. Da muka warware sai ga hatimi, gida-gida da haruffa a rarrabe da lambobi, a gefe wasu sunaye da ban taɓa jin su cikin sunayen Allah ko na mala'ikun da muka sani ba, ga aya guda an rubuta ta daga ƙarshe zuwa farko. A tsakiya an cusa ɗan gashi. Matar nan ta fashe da kuka, don shekaru yaron yana ɗauke da ita, da ita yake shiga ko'ina. To Malam, talakan da bai iya karatu ba, ta yaya zai bambance layarka da wannan, alhali duka a ɗinke suke?

Alaramma na Bakaro:
Sai ya ce a rubuta a gabansa, a karanta masa kafin a ɗinke. Duk malamin da ya ƙi, an san abin da yake ɓoyewa. Hatimin da ba a san ma'anarsa ba kuwa ni ma ba na rubutawa, malaminmu ya hana mu.

Hajiya Inna ta Jahun:
Malamai ku yi haƙuri in sa baki, ni ba ni da karatu mai zurfi, amma na ga aure iri-iri.

'Yata Maman Hanifa, ki tambayi gwaggonku abu ɗaya. Wannan aikin da za a yi, za a iya yin sa a gaban mijin? Za a iya ce masa, wane, zauna, ga abin da muka karɓo don ka riƙa jin maganar matarka, bisimilla sha? In amsar a'a ce, to a ina farinsa yake? Rubutun da Alaramma ya faɗa, mai naƙuda da hannunta take karɓa ta sha, ta san mene ne, ita ta nema. Mallaka kuwa a miya ake zubawa, a ƙarƙashin katifa ake turawa, a bakin ƙofa ake binnewa cikin dare don ya tsallaka. Ana yi wa mutum ne a bayan idonsa, kuma abin da ake so a ƙwace masa shi ne ra'ayinsa, ya zama ba ya iya cewa a'a.

Ina da ƙane, Allah ya ji ƙansa. Mutum ne mai zumunci, duk Juma'a yana gaban mahaifiyarmu da ledar goro. Bayan wani aure da ya yi, a hankali ƙafarsa ta ɗauke. In ya zo sai ya tsaya a zaure yana duba agogo, albashinsa gaba ɗaya a hannun matar yake, ko sabulu ba ya iya saya wa tsohuwa sai ya tambayo. Ni ban ga an binne komai ba, ba zan ɗauki alhakin kowa ba. Amma matar da bakinta take faɗa a gidan biki cewa ita ta kama mijinta, kuma ba ta cuci kowa ba, aurenta take karewa. Mahaifiyarmu ta rasu tana tambayar me ta yi wa ɗanta. Ita matar har gobe tana ganin farin aiki ta yi. Wanda ya biya kuɗin aikin shi yake ce masa fari, a je a tambayi uwar miji da kishiya da 'ya'yan kishiya wane launi suka gani.

Maman Hanifa:
Inna, wallahi maganarki ta shige ni. Amma ƙanwata ita ce aka zalunta. Gwaggo cewa take amaryar ce ta fara, mijin ba haka yake ba da. In an jefe ka, laifi ne ka nemi a karya? Ko sai ta zauna ta zuba ido gidanta ya watse, ga yara ƙanana?

Alaramma na Bakaro:
Neman warwara ba laifi ba ne, 'yar'uwa. Bukhari ya kawo cewa Ƙatada ya tambayi Sa'idu ɗan Musayyib game da mutumin da aka yi wa sihiri ko aka ɗaure shi daga iyalinsa, ko a warware masa, ya ce babu laifi, gyara ake nufi. Masu cewa akwai farin sihiri da wannan suke kafa hujja. Amma Ibnul Ƙayyim ya raba abin biyu: warware sihiri da sihiri irinsa, wannan aikin shaiɗan ne, da warwarewa da ruƙiyya da addu'a da magani na halal, wannan ya halatta. Ganyen magarya 7 da ake dakawa a zuba a ruwa a karanta ayoyi a sha a yi wanka, yana cikin littattafan malamai tun da daɗewa. Shi kansa Manzon Allah (SAW) da Labidu ɗan A'asam ya yi masa sihiri da mataji da gashi ya jefa a rijiyar Zarwan, addu'a ya yi har Allah ya sanar da shi inda abin yake. Bai aika a nemo wani boka ya mayar wa Labidu ba.

A nan ne ake yaudarar mata. Za a ce karyawa kawai za a yi, sai a ƙara da cewa amma sai an mayar wa mai shi, kaikayi koma kan masheƙiya. Kin shiga da sunan kariya, kin fito kin yi jifa.

Sannan wa ya ce amaryar ta yi wani abu? An kama ta? Ko a faifan ƙasa aka gani? Mai bugun ƙasa bai taɓa ce wa kowa koma gida, babu mai binki da sharri ba. Kullum akwai wata mace, ko a dangi ko a maƙwabta. Namiji da sabon aure yakan ruɗe ba tare da an yi masa komai ba, wannan rashin adalcinsa ne shi, kuma akwai waliyyai da manya da za a kai wa ƙara, akwai alƙali.

Barista:
Bari in ɗora a kan maganar Alaramma ta ƙarshe, don nan ne jini yake zuba. Aikin da ake kira na gyara kusan kullum yana zuwa da sunan wani a maƙale. Kafin a warkar da kai sai an nuna maka wanda ya kama ka. Yaro ya yi zazzaɓi mai zafi, yana sambatu, ya ambaci sunan tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, shi ke nan an ce ta kama kurwarsa. A jawo ta gaban jama'a, a ce sai ta tsallaka shi, wani wurin a tuɓe ta, a yi mata duka, a ƙona ɗakinta. Ku lura da waɗanda ake yi wa haka: tsofaffin mata, gwauraye, marasa ɗa namiji da zai tsaya musu, wani lokacin marayu. Ban taɓa jin an taru an ce matar mai kuɗin unguwa mayya ce ba. Kuma tabon ba ya gogewa, har jikokinta sai an ƙi aurensu.

Mutane da yawa ba su san cewa kundin Penal Code na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya yi magana a kan wannan ba. Sashe na 216 ya hukunta wanda ya ce shi maye ne, ya kuma hukunta wanda ya zargi wani da maita ko ya yi barazanar zarginsa, ɗaurin da zai iya kai shekara 2 ko biyan tara. Bokan da ya nuna tsohuwa da yatsa yana ganin taimako ya yi, iyayen yaron ma suna ganin ɗansu suke ceto. Kowa a wurin da kyakkyawar niyya ya zo, amma ga tsohuwa kwance cikin jini.

Sista mai jinya:
Barista, yaron da ka faɗa ɗin nan mu ake kawo wa daga baya, in an kawo shi ke nan. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kan yaro yana sa suma da jijjiga da sambatu, sanƙarau ma haka. Awannin da aka ɓata ana hayaƙi ana neman wanda ya kama shi, su ne awannin da allura za ta yi aiki. Mai ciki ta kumbura, jininta ya hau, ta fara taune-taune, a ce iska ce, a rufe ta a ɗaki da turare. Mai jego ta rikice bayan haihuwa, ba ta barci, tana tsoron jaririnta, a ce kishiya ce, alhali ciwo ne sananne da ake maganinsa. Farfaɗiya akwai ƙwayoyin da suke riƙe ta mutum ya yi karatu ya yi aure.

Ni ina karanta Falaƙi da Nasi a kan marasa lafiyata in sun yarda, ban ga ya hana ni ɗaura ruwa ba. Abin da nake roƙo, duk malamin kirki ya riƙa cewa ku wuce asibiti, addu'a ta biyo ku. Wanda ya ce kada a kai, wai allura tana ɓata aiki, ku guje shi. Kuma Inna ta yi gaskiya a kan miya. Abin da ake ba mata su zuba wa maza, wani har da ƙazantar jiki, ko babu aljani ko ɗaya a ciki cuta ce.

Ɗan Baushe:
Duk na ji ku, amma ku a cikin gari kuke kwana. Mu a ƙasar Alkaleri muke, bakin daji. Babana maharbi ne, kakana ma haka. In masu garkuwa suka shigo ƙauye cikin dare, kafin jami'ai su iso an yi nisa da mutane. Su Baba ne suke bin sawu, da bindigar toka da kambu a damtse da guru a ƙugu. Ya sha maganin ƙarfe tun yana saurayi. Bai taɓa jifan kowa ba, bai raba auren kowa ba, matan mutane da 'ya'yansu yake dawowa da su gida. Waɗanda yake bi ɗin ma da nasu layun suke tafe. To Ustaz, ka ce min na Baba da na ɓarawon duk ɗaya ne a wajen Allah? Wannan kam ba zan iya haɗiye shi ba. Kuma ma'aunin Inna bai kama shi ba, don a jikinsa ya ɗaura, da saninsa, bai zuba a abincin kowa ba.

Hajiya Inna ta Jahun:
Gaskiyarka ɗana, nawa ma'aunin na tsakanin mutum da mutum ne. Tsakanin babanka da Ubangijinsa sai malamai. Allah ya tsare mana su, ya mayar da su gida lafiya.

Ɗan Ningi:
Tambayar Ɗan Baushe tsohuwa ce a ƙasar nan. A shekarun 1840 Malam Hamza ya baro Tsakuwa ta ƙasar Kano da jama'arsa bayan saɓani da masu mulki a kan haraji, ya shigo duwatsunmu. Labarin da ake bayarwa har yau shi ne da abubuwan mamaki ya jawo Butawa da Warjawa da sauran mutanen dutse suka bi shi. Daga nan aka kafa ƙarfin da ya hana Kano da Bauchi barci shekaru masu yawa, har Sarkin Bauchi Ibrahim ɗan Yakubu ya koma Rauta da zama saboda yaƙin Ningi. Ka tambayi tsofaffinmu, za su ce maka baiwa ce Allah ya ba malamin don ya kare waɗanda ake kamawa bayi. Ka tambayi zuriyar waɗanda Ningawa suka kai wa hari, za su ce tsafi ne. Abu ɗaya, suna biyu, ya danganta da gefen da kakanka ya tsaya.

Shi ya sa ba na yarda a bar wa mai amfana da abu ya yanke hukuncin farinsa. Shehu Usmanu bai bar shi haka ba. A Nurul Albab ya ambaci masu yanka wa itatuwa da duwatsu da masu da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa, alhali suna salla suna azumi, kuma yawancin masu zuwa wurinsu lafiya da haihuwa da damina suke nema, ba sharrin kowa ba. Kakata ta wajen uwa an yi mata girka tana budurwa saboda ciwon da ya ƙi ji, ta kuma ce ta samu sauƙi. Amma har ta tsufa duk shekara sai ta nemi dabbar da za ta yanka wa iskokinta, tana tsoron in ta fasa za su taɓa 'ya'yanta. Ta warke daga ciwo ta shiga bauta. Da bakinta ta faɗa mana haka bayan ta tuba.

Abu Sumayya:
Ɗan Baushe, Allah ya saka wa Baba da alheri, ina faɗa har zuciyata. Fitar da yake yi don ceto mutane aiki ne babba, ɓarawon kuma azzalumi ne, ba za su taɓa zama ɗaya ba. Amma fitar daban, kambun daban. Mutum zai iya samun ladan abu ɗaya a kuma tambaye shi a kan ɗayan.

Ranar Uhudu Manzon Allah (SAW) sulke biyu ya sa. Duk da haka an ji masa rauni a fuska, an karya masa haƙori, an kashe baffansa Hamza. Da akwai wani abu na halal da ake sha ƙarfe ya ƙi shiga, wa ya fi su cancanta? A Burmi ta ƙasar Gombe a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru da ɗimbin malamai da mahaddata sun faɗi a gaban bindigar Turawa. Ba ƙarancin tsoron Allah ne ya sa harsashi ya shige su ba. Kuma kai ka fi ni sanin samarin da suka tsaya a fili suna jiran harsashi ya zama ruwa, da sun kwanta a bayan dutse da yanzu suna raye. Ni tsorona ke nan, abin da zai cire wa mutum taka-tsantsan ya kuma jingina zuciyarsa ga fata da zare.

In saiwa ce da ganye da aka sani suna tsayar da jini ko kashe dafi, wannan magani ne, a sha. In ayoyi ne, ga Alaramma nan, saɓaninmu da shi mai sauƙi ne. Amma in akwai yanka ga wani abin daji, ko sharaɗin kada ka yi wankan janaba, ko kada ka yi salla ran kaza, to ka san wa aka ba jinginar.

Ɗan Bogoro:
Ni Kirista ne, ina bin muhawarar tun farko, kuma abin da Barista ya faɗa yana faruwa a namu ɓangaren ma. Littafi Mai Tsarki a Maimaitawar Shari'a sura 18 ya hana duba da sihiri da tuntuɓar matattu, bai ware na taimako ba. A Ayyukan Manzanni sura 8 akwai Siman na Samariya, wanda mutane suke girmamawa saboda abubuwan mamakinsa, ya kawo kuɗi zai sayi ikon Allah, Bitrus ya tsawata masa. A sura 19 kuma masu sihiri a Afisa da suka tuba sun ƙone littattafansu a gaban jama'a, kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Duk da haka za ka ga mutum ya fito coci ranar Lahadi, Litinin yana wurin mai magani a bayan dutse, yana cewa ai na tsari ne kawai. Akwai kuma masu addu'ar da ba su da aiki sai nuna wa mutane cewa kakarsu ce ko ƙaramin yaron gidan ne yake cin su. Na san gidan da 'yan'uwa ba sa gaisawa har yau saboda irin wannan wahayi.

Alaramma na Bakaro:
Ustazu, yau mun yi kusa da juna fiye da yadda aka saba. Abu ɗaya zan ƙara maka: ku ma ku duba masu ruƙiyyar zamani. Wanda zai rufe ɗaki da matar mutane ba muharrami, ya yi ta dukanta da bulala wai aljani yake duka, ya ɗauki bidiyo ya sa a TikTok, sannan ya tambayi aljanin wa ya turo shi, ya gaskata amsar, ya sayar mata da robar zaitun da tsadar gaske. Ayoyin da yake karantawa daidai ne, amma karɓar labari daga aljani a ɗora wa kishiya laifi, da me ya bambanta da faifan ƙasa?

Abu Sumayya:
Bai bambanta ba, Allah gafarta Malam. Aljani maƙaryaci ne, ba a kafa hujja da maganarsa a kan Musulmi, duka kuma zalunci ne. Muna faɗa a karatu, za mu ƙara faɗa.

Ɗan Baushe:
Ustaz, na ji bayaninka, kuma na gode da ba ka zagi Baba ba, don wasu da sun fara da kafirta shi. Sharaɗin barin salla babu shi, Baba ba ya wasa da salla ko a daji. Amma akwai zakaran da ake yankawa duk shekara a gindin wata tsamiya kafin a buɗe farauta, tun ina yaro nake gani, ban taɓa tambayar wa ake yanka wa ba. In na je gida ranar kasuwa zan zauna da shi in tambaye shi wannan, da abin da ke cikin kambun, in ya yarda mu kai wa limaminmu ya duba. Sai dai ba zan ce masa ya cire ya shiga daji haka nan a daren da aka sace mutane ba, sai in shi ya ga dama da kansa. Kuma masu cewa a cire, don Allah ku haɗa da yi mana magana a sama a turo jami'ai da motoci su zauna a ƙauyukan nan, a samo wa 'yan sintiri rigar sulke irin ta sojoji.